Maganar Dogo a Ajin Dingaya

Dingaya ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Layin da Turawa suka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta arewa ya bi, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Wanda ya taso daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe har ya isa Maiduguri a 1964 kuwa ta kudu da gabas ya kewaye. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta zauna a tsakani, gyaɗarta da hatsinta sai jaki da raƙumi, daga baya a-kori-kura da tirela. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ma, reshensa mai kilomita 93 a Dutse zai tsaya. Shi ya sa da wani tsohon abokina, malamin Turanci a wata sakandare ta yankin, ya bugo mini waya ya ce ɗalibansa za su yi muhawara a kan jirgin ƙasa, in zo in gani, sai na ce, "Malam, yaran da ba su taɓa ganin dogo da idonsu ba?" Ya ce, "Kai dai taho."

Da hantsi na hau mota a tashar Unguwa Uku, Sharon ce, mu huɗu a kujerar mutum uku. Kaka ta yi sosai. Daga Mariri har gadar Wudil an sassare dawa an jingine kara, mata da yara na shanyar barkono da wake a gefen kwalta. Hirar cikin mota ba ta wuce tsadar sufuri ba, yadda take tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai. Wani ɗan kasuwa a gefena, mai sayen riɗi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau, ya lissafa mana abin da buhu ɗaya ke ci kafin ya ga Kano: ɗan dako, kuɗin lodi, la'adar dillali, na direba, ga abin da ake zubarwa a shingaye. Na tambaye shi ko jirgin Dutse zai rage masa wani abu. Ya ce, "Alhaji, in zai ɗauki kaya, ni ne farkon layi. In kuwa na masu jakar hannu ne, to Allah ya ba su lafiyar hawa." Direba ya ce shi ko a jikinsa, don jirgi ba ya shiga Kila, ba ya shiga Basirka, duk wanda aka sauke a Dutse su za su kwasa.

A Kwanar Huguma muka bar hanyar Dutse muka miƙe. Kafin Birnin Kudu ƙasa ta fara sauya kama, manyan duwatsu suka ɓullo, wani a kan wani. A jikin irinsu ne, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, mutanen zamanin da suka zana shanu masu dogayen ƙahoni, zanen da Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kai a shekarun 1950. A garin kuma akwai tsohuwar Kwalejin Gwamnati inda Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Ban tsaya ba. Na sauya mota muka kama hanyar Gwaram, ragowar tafiyar kuma a kan babur, ta tsakanin gonakin riɗi da aka yanke aka ɗaure dami-dami aka tsayar don ya bushe, da jan zoɓo a kan iyakokin gona. Ana kiran la'asar na sauka.

Bayan isha'i, muna gaban tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, abokina ya gaya mini inda ya samo dabarar. Yana da aboki ɗan Zongon Kwatano, tare suka yi karatun allo a Zariya suna yara, yanzu yana koyar da Sifaniyanci a wata sakandare a Jamhuriyar Benin. A ƙasashen da Faransa ta raina, yaro kan ɗauki wani harshen waje bayan Turancin Ingilishi, galibi Sifaniyanci ko Jamusanci, har a Benin da Kwaddibuwa masu koyon Sifaniyanci sun kai dubban ɗaruruwa. Mutumin ya gaji da littafin da ke koya wa ɗan Kwatano yadda zai sayi abinci a Madrid, yara na maimaitawa suna hamma. Sai ya kawo musu rigimar jirgin Maya na ƙasar Meziko, ya raba musu matsayi: wannan manomi ne ɗan ƙabilar Maya, wannan mai otal ne a Kankun, wannan injiniyan soja, wannan mai nutso cikin kogwannin ruwa. Ya ce su yi jayayya da Sifaniyanci. Ajin ya kaure. Dalili kuwa, suna da nasu mikin: dogon da ya tashi daga Kwatano ya maƙale a Paraku tun zamanin Turawa, har yau bai ga Yamai ba. Ya turo wa abokina muryoyin yaran ta WhatsApp, shi kuma ya kunna mini. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji yara na katse juna, kowa na son ya faɗi tasa.

Rigimar ta cancanci a yi jayayya a kanta. Tren Maya, kamar yadda suke kiransa, dogo ne mai kilomita 1,554 da ya zagaye jihohi biyar na kudu maso gabashin Meziko. Shugaba Andrés Manuel López Obrador ne ya ɗauke shi a matsayin babban aikinsa, yana cewa an daɗe da mantawa da kudu, jirgi zai kai mata 'yan yawon buɗe ido da aikin yi. An fara a Yunin 2020, aka buɗe kashin farko a Disambar 2023, aka rufe zagayen a Disambar 2024. Kuɗin ya ninka abin da aka faɗa da farko sau uku ko fiye. An sare miliyoyin bishiyoyi, a tsakanin Kankun da Tulum kuma aka kafa ginshiƙai a kan ƙasar da ƙarƙashinta kogwanni ne da ƙoramu, waɗanda su ne ruwan shan yankin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙuri'ar jin ra'ayi ta Disambar 2019. Kashi 92 cikin ɗari na waɗanda suka jefa sun ce a yi, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 3 cikin ɗari na masu rajista ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a Meziko ya ce tuntuɓar da aka yi wa 'yan asalin yankin ba ta cika sharaɗi ba: alfanun aikin kawai aka bayyana musu, ba a faɗi illarsa ba, fassara zuwa harsunansu kuma inda aka yi ta ma ba ta wadatar ba.

Abokina ya ce yaransa ba su ga Meziko da nisa ba, don ya gaya musu zoɓon da ake ɓara a Jigawa, mafi yawan wanda ke fita waje can yake zuwa, suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Ya kuma gaya musu cewa Mota-Engil, kamfanin ƙasar Fotugal da aka ba kwangilar Kano zuwa Maraɗi, yana cikin waɗanda suka gina kashin farko na jirgin Maya, daga Palenke zuwa Eskarsega. Daga nan sai ya ce, "To, su sun yi tasu da Sifaniyanci. Mu ga namu dogon a ƙofar gida, mu yi tamu da Turanci."

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san muhawarar da muka saba. Malami ya fi likita, uwa ta fi uba, zaman birni ya fi na ƙauye. Malami ne zai rubuta jawabin, yaro ya haddace, ya tashi ya cinye rabin lokacinsa wajen gaida shugaban zama da alƙalai da mai duba agogo, ya zubo haddarsa, a tafa. In ka tare shi da tambaya ɗaya wadda ba ta cikin takardar, shi ke nan, baki ya mutu. Ba laifin yaron ba ne. Ba a taɓa ba shi abin da ya dame shi aka ce ya kare shi ba.

Abin da abokina ya yi dabam ne, kuma mako guda ya ɗauka yana shiri. Ranar farko da Hausa zalla aka yi, ya bar su suka faɗi duk abin da suka ji a rediyo da majalisa, gaskiya da jita-jita, ya tace musu. Sannan ya ba su aikin gida: kowa ya tambayi mutum biyu, uba ko uwa ko direba ko mai awo a kasuwar Sara, me jirgi zai ƙara musu, me zai rage musu. Abin da suka kawo shi aka riƙa juyawa zuwa Turanci a kan allo, jimla bayan jimla. Ta haka ya shigar da darasin da ya fi ba su wuya, jimlar sharaɗi, irin su idan aka yi kaza za a samu kaza, da an yi kaza da ba a ga kaza ba, da yadda ake kawo maganar wani, da yadda ake karanta manyan lambobi. Shugaban makaranta ya ɗan ja baya da farko, yana tsoron kada siyasa ta shigo aji. Suka yi yarjejeniya: ba ambaton jam'iyya, ba zagin kowa, kuma duk wanda ya kawo lamba sai ya faɗi inda ya samo ta.

Da safe aka buga tsohon wilin mota da ke rataye a jikin darbejiya. Ajin 'yan aji biyar ne, sun haura sittin, 'yan mata da fararen hijabai a ɓangare ɗaya, maza a ɗaya, waɗanda ba su sami benci ba suna kan tabarma a gaba. Alƙalai uku ne, malamin lissafi da malamin addini da wata 'yar bautar ƙasa. A gefen allo an rubuta abin da kowa ya yarda da shi: majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kwangilar a Satumbar 2020 a kan dala biliyan 1.96, tsawon layin kilomita 284, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 9 ga Fabrairun 2021, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya shiga Maraɗi, reshe kuma zai zo Dutse. Batun muhawara shi ne, da wannan kuɗi gara a zuba su a hanyoyin karkara da makarantu.

Wanda ya buɗe wa masu goyon bayan jirgi ɗan manomin riɗi ne, dogo, hannunsa na rawa a kan takarda. Ya fara da karantawa, can sai ya ajiye ta. Ya ce jirgi ɗaya na jan kayan tireloli masu yawa, ba ya farfasa kwalta, ba ya kifewa a kan masu talla. Ya ce kakansa ya gaya masa gyaɗa ba ta zama kuɗi ba sai da jirgi ya zo Kano. Kakan ya yi gaskiya, har ma labarin ya fi haka daɗi. Dogo ya isa Kano a 1911, Turawa kuwa auduga suke hange don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta cin ƙasa, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar har taragu suka kasa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Mai shimfiɗa dogo da nufinsa, amma lissafin manomi ne ya yanke abin da jirgin ya ɗauka.

Sai wata yarinya ƙarama ta miƙe daga ɓangaren masu suka. Muryarta ba ta fita sosai, sai da malam ya ce ta ɗaga. Ta ce bashi ne za a ci, da dala kuma za a biya. Ta je allo ta rubuta 380, ta ce kusan haka dala take a farashin gwamnati lokacin da aka amince da aikin, ta rubuta 1,400 a ƙasa ta ce yanzu ta haura nan. Da ta zo faɗin jimillar da Turanci sai harshenta ya sarƙe tsakanin miliyan da biliyan da tiriliyan. Aji ya yi tsit, malam bai ce uffan ba. Ta koma ta ƙirga sifirai da alli, ta sake faɗa, ta faɗa daidai. Sannan ta nuna 'yan kan tabarma ta ce waɗannan ne za su biya, tun ba su sami abin zama ba. Turancin nata da gyara, amma babu wanda bai gane ba, malamin lissafi har da gyaɗa kai.

Na biyun masu goyon baya ya ɗauko ta ta fuskar zumunci da ciniki. Ya ce masu cewa an kai kuɗin Najeriya wata ƙasa ba su san Maraɗi ba, Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har gobe sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Ya ce Nijar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome suke shigowa, in dogo ya haɗa Maraɗi da Kano har Legas, kuɗin dako da na tasha mu za su zo wa. Hujjar da gwamnati ta kafa ke nan tun farko, ya kuma tsara ta da kyau. Amma wanda ya amsa masa ya shirya. Ya ce ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Ya tambaya, in an sake rufe iyaka, jirgin a Jibiya zai riƙa juyowa? Ya ƙara da dogon Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016 amma ba jirgin da ke bin sa. Ya ce a rediyo ya ji, yayansa mai zuwa ci-rani ya tabbatar masa.

Inda abin ya kama ni shi ne da aka buɗe wa sauran aji. Wani yaro Bafulatani daga can baya ya ɗaga hannu, abokina ya raɗa mini cewa tun farkon zango bai taɓa jin muryarsa ba. Ya fara da Turanci, kalma uku, huɗu, ta ƙare masa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Malam ya ce, "Ƙarasa da Hausa." Ya ce, "Malam, in an ja dogo an yi masa shinge, shanu ta ina za su tsallaka? Burtalinmu na zuwa mashaya in ya yanke shi fa? Baffana ya ce da aka yi wani titi, sai da suka riƙa zagayen rabin yini." Babu ɗaya cikin masu jawabi takwas da ya kawo wannan. Abokina ya ɗauki alli ya ce aji su taya shi. Wannan ya ba da kalmar tsallakawa, wancan ya ba da ta shinge, 'yar bautar ƙasa ta kawo sunan mashigar da ake yi wa dabbobi ta ƙarƙashin dogo. Jimla ta tashi a kan allo, ta sharaɗi, mai gaɓa biyu. Aka ce ya karanta. Ya karanta, ya sake karantawa ba tare da ya dubi allon ba. Ina da yaƙinin wannan jimla ba za ta bar kansa ba, don tasa ce, ta shanun gidansu ce.

Bayansa wata yarinya ta kawo maganar diyya. Ta ce da aka fitar da wata hanya ta gonar kakanta, masu awo sun ƙirga ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya da dawar da ke tsaye, suka biya wannan, ƙasar kanta ba a ba shi ko sisi ba. Tana tambaya ko haka za a yi wa mutanen Gaya da Dutse. Malam ya waiwayo ya ce, "Ga baƙonmu, ya taimaka mana." Na gaya musu abin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada: ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, in aka karɓe ta don amfanin jama'a, abin da ke kanta ake biya, gini da shuka da itatuwa. Ɗorawar da ke ba gida kalwa shekara da shekaru, sau ɗaya za a yi mata kuɗi. Yarinyar ta rubuta sunan dokar da shekararta a bayan littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Alƙalai suka ba masu suka nasara da ɗan rinjaye, saboda tsarin hujja da tsabtar harshe. Da aka ce a ɗaga hannu a kan ra'ayin kai, masu son a yi jirgin suka fi yawa nesa ba kusa ba, har da yarinyar da ta yi lissafin dala. Mako mai zuwa, in ji malam, za a sake, kowane ɓangare ya koma matsayin abokin hamayyarsa.

A ɗakin malamai ɗaya malamin Turancin, dattijo ne da ya kusa ritaya, bai ɓoye damuwarsa ba. Ya ce, "Malam, yaran nan sun yi ta karya Turanci kana ji ka ƙyale. Mai duba takardar WAEC ba zai ƙyale ba." Magana ce mai nauyi, don Turanci ne ke hana dubban yaranmu shiga jami'a kowace shekara. Abokina ya buɗe littafinsa ya nuna masa shafi biyu cike da kurakuran da ya tsinta ana cikin muhawarar, ba tare da sunan kowa ba, ya ce darasin gobe ke nan. Ya ce in ya tare yaro a tsakiyar magana don ya gyara masa aikatau, ya gyara jimla ɗaya ya rufe baki ɗaya har ƙarshen shekara. Ni ina bayansa a nan. Jarrabawar ma ai tana tambayar rubutun kare ra'ayi, wanda kuwa ya taɓa kare burtalin gidansu a gaban mutum sittin ba zai rasa abin rubutawa ba. Na kuma yarda da fara shirin da Hausa. Yaro ba ya tunani da harshen da yake tsoro. A bar shi ya gina hujjarsa da harshen da ya tashi da shi, sannan a ba shi kalmomin ɗaukar ta zuwa wani.

Game da jirgin kansa, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ƙasa mai faɗin Arewa, mai noma irin namu, ba za ta dawwama tana ɗora komai a bayan tirela da dizal mai tsada ba, kuma iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ba ta kai shekarun cinikin da ke tsakaninsu ba. Amma tambayoyin yaran nan su ne ainihin tambayoyin. Tashar Dutse in ba ta da wurin lodin hatsi da riɗi da dabbobi, da sito, da farashin dako da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya, mutumin Gwaram ba zai san an yi ta ba. In hanyar da za ta fito da buhu daga Dingaya zuwa kwalta ta yanke da damina, rijiya ta bayar ke nan guga ya hana. Ashe ɓangarorin biyu na muhawarar ba kishiyoyi ba ne kamar yadda allo ya nuna, kowanne na bukatar ɗan'uwansa. Sannan ga abin da ya haɗa mu da mutanen Maya. Kwangila da Turanci aka rubuta ta, a Maraɗi da Faransanci za a karanta, kamfanin na masu Fotugisanci ne, mai gonar da za a ratsa kuwa Hausa yake ji ko Fulatanci. Kafin a kai ga ranar da za a riƙa zama da shi da harshensa tun kafin a kafa turken awo, dole a gidansa a sami ɗa ko 'ya da za ta iya karanta takardar, ta iya tashi a gaban jami'i ta ce ba mu yarda da kaza ba, ga dalili. Amfanin ajin Turanci a ƙauye ke nan a ganina, kafin a zo maganar sakamakon jarrabawa.

Da yamma muna zaune a ƙofar gida sai ga mahaifin yarinyar nan mai maganar diyya, ya jingine kekensa ya yi sallama. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, wai me kuke koya wa yaran nan ne? Yarinya ta tsare ni da tambaya har tuwona ya huce. Yau kuma ta dawo tana gaya mini wata doka." Abokina ya fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ba ƙara na kawo ba. Shekarata hamsin da wani abu, hukuma ba ta taɓa tambayata ra'ayina a kan komai ba, sai 'yata. Roƙona, ranar taron iyaye a sa su maimaita mana da Hausa, mu ma mu ji, a kuma bar mu mu tofa." Abokina ya ce in Allah ya yarda zai kai wa shugaban makaranta maganar da safe.

Yana da wani shirin kuma. Sun yi da mutumin Kwatano cewa zangon gaba za su yi musayar murya: 'yan Dingaya su bayyana wa 'yan Benin rigimar Kano zuwa Maraɗi da Turanci, su kuma su bayyana musu ta jirgin Maya, tunda suna koyon Turancin su ma, kuma tashar ruwansu ce za ta rasa kaya in namu dogon ya yi aiki. Abin da ya rasa shi ne kayan aiki. Taswirar da ya yi amfani da ita da hannu ya zana ta a bayan tsohuwar kalanda, daga abin da ya tsinta a jarida. Ya roƙe ni in na koma Kano in nemo masa taswirar reshen Dutse mai nuna garuruwan da zai ratsa da inda aka tanadi mashigar dabbobi, da duk wata takarda da ta yi bayanin diyya da Hausa. Na ɗauki alkawari. Ina kuma ganin Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya da gwamnatin Jigawa za su iya buga irin wannan takarda, shafi huɗu, Hausa da Turanci gefe da gefe, har da ajami, a raba wa makarantu da fadar dagatai daga Kazaure har Gwaram tun kafin jirgin farko ya iso Dutse.